Takalmin Farauta a Ƙasar Laka da Ƙaya: Wanne Ya Dace da Dajinmu?

Da zarar an gama yankan riɗi an shiga girbin dawa a Gadarif da Sinnar a Sudan, zabin daji da fakara suka fara fitowa kiwo bakin gonaki, sai hirar farauta ta tashi a majalisa. Wannan yana yabon karensa, wancan yana ba da labarin inda ya ga sawun zomo. Da wuya ka ji an tsaya a kan abin da za a sa a ƙafa, alhali shi ne zai yanke ko mutum ya wuni a daji ko ya dawo kafin azahar yana ɗingishi. Farautar ƙananan namun daji tafiya ce tsagwaronta. Zabo da ƙafa yake fara gudu kafin ya tashi, kai kuma kana biye da shi cikin tushiyar dawa da tsagin ƙasa da ƙaya, tun sanyin asuba har rana ta take.

Abin da nake so ɗan'uwa mai shirin saye ya riƙe tun farko shi ne, yawancin takalman farautar da suka yi suna a duniya ba don ƙasarmu aka ƙera su ba. Kamfanin Red Wing na jihar Minesota a Amurka ya fito da takalmin Irish Setter a 1950 domin masu bin tsuntsaye a filayen ciyawa masu sanyi da raɓa. Tun kafin su, L.L. Bean na jihar Maine ya yi nasa mai ƙasan roba da saman fata saboda dajin da ƙasarsa ba ta bushewa. Takalma ne na ƙwarai, ba mai raina su. Amma su da sanyi da ruwa suke faɗa. Mu kuwa ƙaya ce ta dame mu, da zafi, da laka. Wanda ya bi sunan kamfani bai tambayi wace ƙasa aka yi takalmin ya taka ba, zai kashe kuɗi a kan abin da ba ya buƙata, ya rasa wanda yake buƙata.

Mafaraucin wannan yanki ƙasa iri uku yake takawa. Akwai baƙar lakar da ta shimfiɗu daga Gadarif zuwa Sinnar har Damazin, wadda da rani take tsagewa har ƙafa ta faɗa ciki, da damina kuma ta manne wa takalmi. Akwai bakin kogi da ƙoramu, inda bagaruwa da aduwa da dushe, wanda a nan ake ce wa talha, suke zubar da ƙaya kamar an shuka ta. Sannan akwai dutse: Jabal Moya, tsaunukan Ingasana, duwatsun Taka da ke bayan Kasala. Babu takalmi ɗaya da ya fi kowane a dukkan ukun, sai dai akwai wanda ya fi kusa.

Bari in tsaya a kan ƙaya, domin a Sudan sukar ƙaya ba ƙaramin abu ba ce. Duk wanda ya zauna a ƙauyukan Sinnar ko Jazira ko Farin Nilu ya san cutar da ake kira nabit, wadda likitoci ke ce wa maisetoma. Ƙwayoyinta a ƙasa suke zaune, kuma ɗan rauni irin na ƙaya ne ke buɗe musu ƙofa. Takan fara da ɗan kumburi marar zafi, mafi yawa a ƙafa, mutum ya ƙyale shi wata da watanni, daga baya ya ɓula yana fitar da ruwa da wasu ƙananan ƙwayoyi, sau da yawa baƙaƙe. In ta kai ƙashi, wani lokaci sai an yanke ƙafar. Yawanta a ƙasar nan ne ya sa aka kafa cibiyar bincikenta a Soba ƙarƙashin Jami'ar Khartum a 1991, kuma a 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa ta cikin jerin cututtukan ƙasashe masu zafi da aka yi sakaci da su. Saboda haka idan na nace a kan kaurin ƙasan takalmi, ba maganar jin daɗi kaɗai nake yi ba.

Da wannan ma'aunin, markub, takalmin fatarmu na gargajiya a Sudan, ya faɗi tun a zagayen farko, duk da ƙaunar da muke masa. Markub ɗin Fashir mai kyau yana shan iska, yana bin siffar ƙafa, ba abin da ya kai shi daɗi idan an dawo masauki da yamma. Amma bai rufe idon sawu ba, ba shi da igiya, ƙasansa sumul yake. A kan gangaren dutse zamewa yake, a cikin laka kuwa can zai tsaya kai ka wuce. Takalmin taya, wato tamut takalli, ƙasansa ya fi ƙarfin yawancin ƙaya, amma saman ƙafa da yatsu a buɗe suke. Iyayenmu sun yi farauta da su, gaskiya ne. Da yawansu kuma ƙafafunsu sun biya kuɗin.

Gasar ta gaske tsakanin biyu take: takalmin fata zalla mai ɗinkakken ƙasa, da takalmin zamani mai haɗin fata da yadi wanda aka manne ƙasansa da gam.

Na zamanin shi ne ke fara sace zuciya a kasuwa. Ka ɗaga shi ka ji ba nauyi, ka sa ƙafa ka ji laushi tun ranar farko, ba ya neman a hore shi. Rashin nauyin nan kuma ba abin wasa ba ne, domin masu auna ƙarfin da tafiya ke ci sun nuna cewa nauyin da ke ƙafa ya ninka wanda aka goya a baya cin ƙarfi kamar sau biyar. Yadinsa, in na kirki ne, nailan ne mai tauri irin Cordura, wanda ba ya saurin yagewa. Matsalar ita ce rashin yagewa daban, rashin hudawa daban. Yadi saƙa ne, ƙayar dushe kuwa siririya ce mai tsini, tana bi ta tsakanin zare ta isa fata. Ƙarangiya da tsidau suna maƙale masa, ka zauna kana tsince su ɗaya-ɗaya da farce. Tushiyar dawa da aka yanke a karkace tana cin gefensa daidai inda yadi ya haɗu da roba. Sai kuma gam: zafin ƙasarmu a watan Afrilu, lokacin da ma'auni ke haura digiri 40, yana sassauta shi, ka ga bakin takalmin ya buɗe daga gaba. Mai gyara zai manne maka, ya ƙara da ɗinki in ya samu wuri, amma ba a yi shi don a sake masa ƙasa ba. Ranar da ƙasan ya cinye, takalmin ya ƙare ko da samansa sabo ne.

Yawancin irin wannan suna zuwa da shafin hana ruwa a ciki, wanda aka fi sani da Gore-Tex. Bob Gore ne ya gano sinadarin a 1969, kuma kamfanin Danner ya sa shi a takalmi a 1979. Hikimarsa ita ce yana da ƙananan huji da ɗigon ruwa ba ya iya shiga, amma tururin gumi yana fita. Sai dai bambancin ɗumi tsakanin cikin takalmi da waje ne ke taimaka wa tururin ya fita, shi ya sa ya fi aiki a ƙasar sanyi. A namu zafin, ga soso ga yadin ciki, ƙafa tana jiƙewa da guminta, fata ta yi laushi, bororo ya fito a diddige. Ƙaya ɗaya ta huda shafin, hana ruwan ya tafi. In kuma ruwa ya shiga ta sama lokacin ƙetare ƙorama, sai ya daɗe bai bushe ba. Wanda ma ya fi muni shi ne mai auduga ta ɗumi a ciki. In ka ga an rubuta Thinsulate da lamba kamar 400 ko 800, ajiye shi. Don ƙanƙara aka yi shi.

Takalmin fata zalla ba ya yi wa kowa fara'a a ranar farko. Yana da tauri, ya fi nauyi, makonni biyun farko sai ka yi haƙuri da shi. Amma fatar saniya mai kauri wadda ba a kankare fuskarta ba tana tare yawancin ƙayar da ke zuwa ta gefe da ta sama, ƙarangiya ba ta kama ta, tushiya sai dai ta karce ta. In babu soso a ciki, fatar tana shan gumi tana sakinsa, kuma da tafiya ta yi tafiya sai ta ɗauki siffar ƙafarka. Babbar falalarsa tana a ɗinkin ƙasa. Juya shi ka duba gefen: idan ka ga zare yana zagaye, ya ratsa fatar sama ya kama shimfiɗar da ke ƙasa, to duk wani ƙwararren baduku a kasuwar Gadarif ko Wad Madani zai iya cire tsohon ƙasa ya ɗinka sabo, ko da na taya ne. Sa farce ka ja zaren kaɗan, domin akwai masu zuba roba da siffar ɗinki don yaudarar ido. Zaren gaske yana motsi, kuma in ka ɗaga shimfiɗar ciki sau da yawa za ka ga alamar aikin hannu ko na keke.

Ba mamaki takalman da suka fi dacewa da mu daga kudancin Afirka suke fitowa, inda daji yake da ƙaya da zafi irin namu. Kamfanonin Jim Green na Afirka ta Kudu da Courteney na Bulawayo a Zimbabuwe fata suke yi, da ƙasan roba mai kauri, ba tarkacen ɗumi. Ba cewa nake yi lallai sai su ba, samunsu ma a nan ba sauƙi. Siffarsu nake so ka riƙe a ido idan ka shiga kasuwa.

Tsakanin biyun, ni fata nake zaɓa wa mai farautar kaka da rani a ƙasar laka da bakin kogi, ba tare da wata tantama ba. Na zamani yana da wurinsa: mai hawan dutse inda ƙaya ba ta da yawa, ko dattijon da gwiwa ta fara damunsa yana buƙatar laushi da rashin nauyi. Shi ma ya nemi wanda fatarsa ta fi yadinsa yawa, mai zoben roba a zagaye da yatsu, kuma marar shafin hana ruwa.

Sai zanen ƙasan takalmi, wanda mutane ke kallo su ce mai manyan haƙora ya fi. A dutse haka ne. Vitale Bramani na Italiya ya kafa Vibram, kamfanin ƙera ƙasan takalmi, a 1937 bayan abokansa sun mutu a hawan tsauni saboda rashin takalmin da ke kama dutse, kuma irin zanensa har yau yana riƙe mutum a gangare. A baƙar laka kuwa labari ya sha bamban. Ka fita bayan ruwan dare da takalmi mai matsattsun haƙora, taku kaɗan laka ta cike tsakaninsu, ta ƙara wani ƙasa a kan ƙasa, ta haɗa da ciyawa, kowace ƙafa ta zama kamar ka ɗaure mata tubali. Ka tsaya ka kankare da kara, ka yi gaba kaɗan, ta dawo. A nan mai faɗin tazara tsakanin haƙora, ko mai zane marar zurfi, shi ne ke zubar da laka idan ƙafa ta lanƙwasa. Lanƙwasa takalmin da hannu biyu ka gani: ya kamata ya karye daidai gindin yatsu, ba a tsakiya ba. Wanda ke naɗewa a tsakiya ba zai riƙe ka a bakin tsagin ƙasa ba, ƙaya ma ba za ta sha wuyar ratsa shi ba.

Takalmin soja yana da abin yabo. Irin na daji da sojan Amurka suka sa a Biyetnam yana da zanen ƙasa mai zubar da taɓo da farantin ƙarfe a ciki saboda tsinin da ake binnewa a hanya, na hamada kuma yana shan iska. Amma tun da yaƙi ya ɓarke a watan Afrilun 2023, ba zan ba kowa shawarar ya sa abin da ya yi kama da kayan soja ya nufi daji ba, balle da bindiga a kafaɗa. A shingen bincike ƙafa ake fara kallo. Nemi launi da siffar da kowa zai gani ya san na farar hula ne. Kuma tunda maganar ta zo nan, farauta tana da dokarta da lasisinta, gandun Dindir kuwa tun 1935 aka keɓe shi, ba wurin farauta ba ne.

Takalmin ma'aikata mai ƙarfe a baki, wanda ya cika kasuwa, da yawa suna ɗaukarsa saboda araha da ƙarfi. Ƙarfen yatsun ba ya yi wa mafarauci komai sai nauyi da cin yatsa a gangare, tunda ba bulo ne zai faɗo masa ba. Abin da ke da amfani shi ne shimfiɗar hana huda da ke ƙasan wasunsu. Duba harshen takalmin: S3 ko S1P na nufin an gwada ƙasan da ƙusa da ƙarfin niyuton 1,100, wato kusan nauyin kilo 110. O3 yana da wannan kariyar ba tare da ƙarfen yatsu ba, shi ne ma ya fi dacewa da mu in an dace da shi. Ka sani dai ƙusar gwajin ta fi ƙaya kauri, milimita 4.5 ce. Ƙa'idar da aka sabunta a 2022 ta ƙara alamar S3S ga wanda aka gwada da ƙusa siririya mai milimita 3.

Dogon takalmin roba ba shi da na biyu a tsakiyar damina da kuma fadama, ga araha, ga sauƙin wankewa. Da rani ba ya sawuwa, kuma ƙaya tana huda shi. Na biyu ne, ba na farko ba.

Tsawo kuma, santimita 20 daga ƙasa, abin da masu sayarwa ke ce wa inci 8, shi ne daidai. Gajere yana barin ƙasa da ƙarangiya su zuba ciki, kuma ba ya tallafar idon sawu idan ƙafa ta faɗa tsagi. Duba harshen ko an ɗinke shi da gefe biyu har sama, in ba haka ba tsakuwa za ta riƙa shiga. Saran maciji ya fi faruwa a ƙafa da ƙwauri, kuma kububuwa da kasa duk suna nan a dajinmu. Akwai takalman maciji masu kai wa kusan gwiwa, sai dai zafinsu da taurinsu ba kowa zai jure ba. Fata mai kauri da sakakken wando mai nauyi a kanta suna rage haɗari ƙwarai, amma kasa doguwar fiƙa gare ta, kada takalmi ya sa ka daina duba inda kake takawa.

Wani abin da masu ƙera takalmi ba su san da shi ba, mu kuwa kullum muna tare da shi, shi ne alwala. Kwance doguwar igiya a daji da azahar da la'asar aiki ne, shi ya sa wasu ke son mai zif a gefe. Zif kuwa ƙura ce ajalinsa, kuma in ya lalace a tsakiyar daji ba dabara. Ƙugiyoyin sama da ake zare igiya daga cikinsu da sauri sun fi shi aminci. A mazhabar Malikiyya, daga sharuɗɗan shafa a kan huffi akwai ya zama fata ce mai tsarki, ɗinkakkiya, ta rufe idon sawu, kuma an sa ta bayan cikakkiyar alwala. Kai wa malaminku takalmin ya gani ya yi maka bayani a kan naka.

Wanda zai sayi gwanjo ya kula da abu ɗaya fiye da komai. Yawancin takalman Turai masu tsada suna da shimfiɗar tsakiya ta wata roba mai suna foliyuritan, wadda danshi da daɗewa a ajiye ke ruɓar da ita daga ciki. Takalmin zai yi kyau a ido, ƙasansa ko cinyewa bai yi ba, ka yi tafiyar awa ɗaya ya wargaje ya zama gari. Danna farcen babban yatsa da ƙarfi a wannan shimfiɗar, ka murɗa takalmin kamar kana matse wanki. In ka ga tsaga, ko ta manne wa yatsa, ko tana zubar da gari, bar shi ko kyauta aka ba ka.

Gwaji da yamma ake yi, lokacin da ƙafa ta ɗan kumbura, da irin safar da za ka yi farauta da ita. A bar faɗin babban yatsan hannu tsakanin yatsun ƙafa da bakin takalmi, diddige kuma ya zauna daram ba ya ɗagawa. Mu da muka tashi cikin silifa da markub ƙafarmu faffaɗa ce ta gaba, yawancin ƙirar Turai kuwa matsattsiya ce, don haka lamba 43 kaɗai ba ta isa bayani ba. In ɗan'uwa ne zai aiko maka daga Jidda ko Alƙahira, taka takarda a tsaye, a zana maka ƙafa biyun, a auna tsawo da faɗi da santimita, ka tura masa. Safar auduga tana riƙe gumi ta jawo bororo, ta ulu marar kauri ta fi ta ko da zafi. Sabon takalmin fata a fara sa shi zuwa kasuwa da gona, kada ranar farkonsa ta zama ranar farauta.

Bayan an dawo, a kankare laka tun tana ɗanya, domin in ta bushe a jiki tana tsotse man fatar har ta tsage. A shanya a inuwa, ba a rana ba, ba kusa da wuta ba. A shafa ɗan kitse da kakin zuma lokaci-lokaci, musamman a kan ɗinki, ba har fatar ta yi laɓo-laɓo ba. Da safe a kife shi a kakkaɓe kafin a zura ƙafa, saboda kunama.

Wanda kuɗin na waje ya fi ƙarfinsa, musamman a wannan hali da ake ciki, yana da hanya. Je wurin badukun da ya iya markub, ka ce fatar saniya mai kauri kake so, ya ɗaga wuyan ya wuce idon sawu da kamar faɗin yatsu huɗu, ya ɗinke harshen da gefe biyu, ya buga idon igiya na ƙarfe. A ƙasa ya shimfiɗa fata ninki biyu sannan ya ɗora taya, ya ɗinke da zaren nailan mai kaki, kada ya dogara da gam da ƙusa. Ka je da safarka ranar awo, ka kuma roƙe shi ya bar wa yatsu wuri.